Dalma Cikin Kayan Lantarki: Yadda Ake Fahimtar Hani da Rangwame

Dalma guba ce. In ta shiga jikin mutum takan ɓata jini da ƙoda da jijiyoyi, yara ƙanana kuwa takan daƙushe musu ƙwaƙwalwa. Jama'a ba su manta da masifar Jihar Zamfara ta shekarar 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400. Irin wannan ƙarfe ne aka daɗe ana sa wa cikin rediyo da talabijin da kwamfuta, musamman a ƙarfen liƙi da ke riƙe ƙananan sassa a kan allon na'ura. Tsohon ƙarfen liƙi kashi 63 cikin 100 kuza ne, kashi 37 dalma.

Tushen Dokar

A shekarar 2003 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ake kira RoHS, ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 2006. An sabunta ta a 2011, aka kuma ƙara mata a 2015, har abubuwan da ta taƙaita suka kai 10, ciki har da dalma da zaiba. Dokar ta ƙasashen Turai ce, amma ta shafi 'yan Nijeriya, domin sababbin kaya da na hannu da yawa daga can suke zuwa, ko kuma an ƙera su bisa ƙa'idarta. Mai son fahimtarta sai ya bi tambayoyi huɗu bi da bi.

1. Shin dokar ta hau kan na'urar?

Akwai kayan da dokar ba ta taɓa ba sam. Alal misali, kayan yaƙi, da na'urorin da ake harbawa sararin samaniya, da manyan injinan masana'antu da ake kafawa wuri guda. Batir ma yana da tasa doka dabam. Wannan shi ne keɓewa, kuma ba ɗaya yake da rangwame ba.

2. Ina ake auna dalmar?

Nan ne mutane suka fi kuskure. Iyakar da aka yanka ita ce kashi 0.1 cikin 100 na nauyi, watau giram 1 cikin kilo 1. Amma ba nauyin na'urar gaba ɗaya ake dubawa ba. Ana auna kowane abu guda wanda ba ya rabuwa ta hanyar kwancewa ko yankawa ko kankarewa. A wayar lantarki, robar da ta lulluɓe ta abu guda ne, jan ƙarfen ciki wani abu ne dabam. Saboda haka talabijin mai nauyin kilo 10 tana iya karya doka saboda ɗigon liƙi guda na tsohon yayi, tun da dalmar ɗigon ta kai kashi 37, ba 0.1 ba.

3. Akwai rangwame a kan wannan aiki?

Rangwame shi ne izinin wuce iyaka a wani aiki takamaimai, inda ba a sami abin da zai maye gurbin dalma ba, ko kuma wanda aka samu ba abin dogaro ba ne. Jadawali na uku na dokar 2011 ya jera su da lambobi. Ga kaɗan, kamar yadda aka rubuta su a shekarar 2011:

6(a): dalma cikin ƙarfen da ake sassaƙawa da inji, har kashi 0.35.
6(b): cikin alminiyam, har kashi 0.4.
6(c): cikin gaurayen jan ƙarfe irin su tagulla, har kashi 4.
7(a): ƙarfen liƙi mai jure zafi, wanda dalmarsa ta kai kashi 85 ko fiye.

Na ƙarshen nan yakan ba mutane mamaki: an hana mai kashi 37, an ƙyale mai 85. Dalili shi ne, tsohon liƙi yana narkewa a digiri 183, kuma an sami madadinsa na kuza da azurfa da jan ƙarfe mai narkewa a wajen digiri 217. Liƙin da ke can cikin wasu sassa kuwa dole ne ya jure zafin da ya fi haka, don kada ya narke sa'ad da ake manna sashen a kan allo. Izinin na wannan aiki ne kaɗai. Wanda ya ɗauki rangwamen tagulla ya shafa wa liƙi ya saɓa doka.

4. Rangwamen yana da rai?

Kowane rangwame yana da wa'adi: ba ya wuce shekara 5 ga yawancin kaya, ko shekara 7 ga kayan asibiti da na awo. Mai neman sabuntawa zai shigar da takarda wata 18 kafin cikar wa'adi, izinin kuma yana nan har a yanke hukunci. Akan canja kalmomin rangwame ko a soke shi, don haka wajibi ne a duba jadawali na baya-bayan nan. Bugu da ƙari, an yarda a gyara na'urar da ta shiga kasuwa kafin 1 ga Yuli, 2006 da sassa irin nata na asali.

Abin Lura ga Jama'a

Rangwame ba ya wanke dalma daga zama guba. Na'ura tana iya cika doka, alhali akwai dalma a cikinta. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya gilashinta ɗauke yake da dalma mai yawa. Saboda haka:

Mai shigo da kaya ya nemi takardar shaidar bin doka daga maƙeri, ya tambayi lambar rangwamen da aka dogara da ita. A gida Nijeriya kuma ya tuntuɓi hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke lura da dokokin muhalli na kayan lantarki.

Mai gyara ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada ya riƙe ƙarfen liƙi da haƙori, kada ya shiga cikin iyali da tufafin aiki.

'Yan gwangwan su daina ƙona alluna da wayoyi, kuma kada a bar yara su yi wasa a inda ake fasa tsofaffin na'urori. Rigakafi ya fi magani.