Soso: shuka mai hawa rumfa, mai shanye ruwan wanka

Waɗanda suka taɓa zuwa Yamai daga cikinmu sun ga masu sayar da furanni a bakin hanya. Cikin hajarsu akwai wata shuka mai faɗin ganye, mai hawa sanda, ana ce da ita filodandaron. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Kudu ne, inda ruwan sama ya yawaita. Inuwa take so, da laima. Iskar hunturu da ranar bazara ta Kurfai sun fi ƙarfinta. Ga shi kuma dangin gwaza ce: in yaro ya tauna ganyenta, bakinsa zai yi ƙaiƙayi ya kumbura. Wanda yake da ita, ya ajiye ta inda hannun yaro da bakin akuya ba su kai.

Mu a ƙasar Filinge muna da namu mai hawa, wanda ya saba da ranarmu. Shi ne soso. Da yawa daga cikinmu saye muke yi a kasuwa, alhali ƙwaya uku sun ishi gida guda.

Mu dubi bayan wurin wankanmu. Kullum ruwa yana fita ta makwarari, ya kwanta a gindin darni. A ruwan da ya kwanta sauro yake yin ƙwai, kuma cikin kwana 10 ko kusa da haka ƙwan ya zama sauro mai cizo. Wannan ruwa da yake cutar da mu, shi soso yake nema.

Ga yadda za mu yi. Mu haƙa rami mai zurfin kamu biyu inda ruwan yake faɗawa, mu cika shi da tsakuwa da fasassun tukwane, don ruwan ya nutse. A gefen ramin, nisan taki ɗaya, mu gyara wurin shuka. Kada mu shuka cikin ramin kansa, domin saiwar da ta zauna cikin ruwa ruɓewa take yi. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe abinci, saboda haka mu haɗa ta da takin tumaki ko na shanu wanda ya kwana biyu ya huce. Ɗanyen taki yana ƙona shuka.

Ƙwayar soso tana da taurin ɓawo. Mu jiƙa ta kwana ɗaya, sannan mu binne ta zurfin gaɓar yatsa, da faɗuwar damina. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta tsiro. Nan ne wahalar take: kaji da awaki ba su barin ɗanyen tsiro, sai mun kewaye shi da ƙaya. Ruwan sabulun wanka kaɗan ba ya hana shi girma, amma ruwan wanki mai yawan omo kada ya kai gare shi.

Da ya fara yaɗo, mu kafa masa sanda zuwa kan rumfa. Rumfar ta zama mai ƙarfi, gama yaɗonsa yakan wuce mita 5, ƴaƴan kuma suna da nauyi. Furensa rawaya ne, akwai namiji akwai mace. Namijin yakan riga fitowa, ya bushe ya faɗi. Kada mu ce shukar ta lalace. Macen tana tafe, da ɗan ƙaramin ɗa a gindinta. Ƙudan zuma ne suke haɗa su, don haka ban da fesa maganin ƙwari lokacin fure.

Bayan wata 4 ko 5, ɓawon ɗan zai koma ruwan ƙasa, ya yi sakwat. In mun girgiza mun ji ƙwayoyi suna kaɗawa, ya isa tsinka. Mu ɓare, mu kakkaɓe, mu wanke, mu shanya.

Saura maganar lafiya. Soson da ya kwana a jiƙe matattarar ƙwayoyin cuta ne. Bayan wanka mu ɗauraye shi, mu rataya a rana. Kowa da nasa, musamman in akwai mai ƙazwa ko makero a gidan. Ba a goga shi kan miki, ba a cuɗa jariri da shi. In ya yi wata guda, ko ya fara wari, mu sake wani.

Ƙwayoyin kuwa, mu zaɓi baƙaƙe masu ƙiba daga manyan ƴaƴa, mu zuba su cikin kwalba busasshiya da ɗan toka, mu toshe sai baɗi.