Ciwon daji na mama: mu gane shi tun da wuri

Ƴan uwa mata da maza na ƙasar Kurfai, darasinmu na yau yana magana a kan wata cuta da ake jin kunyar faɗi, wato ciwon daji na mama. Wasu suna kiran sa kansa, wasu sankara. A ƙasarmu Nijar, shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 ya kama mata miliyan 2 da dubu 300, kuma ya kashe mata dubu 670 a duniya.

Mene ne wannan ciwo?

Mu manoma mun san ƙuduji. Yana kama saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa tun ba a gan shi ba. In an tuge shi da wuri, gona ta tsira. In an bar shi ya yi iri, sai ya game gona. Haka wannan ciwo yake. Yana farawa da ɗan ƙullutu cikin nono, galibi babu zafi. In an bar shi, sai ya bazu zuwa hammata, da ƙashi, da huhu, da hanta.

Ba sammu ba ne, ba maita ba ce. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta kwana ɗaki ɗaya. Ya fi kama matan da suka wuce shekara 40, da waɗanda uwa ko ƴar uwa ta taɓa yin sa. Amma yana iya kama kowace mace, har ma namiji jefi-jefi. Shayar da yaro nono yana rage haɗarinsa.

Alamomin da za mu lura da su

1. Ƙullutu mai tauri cikin nono ko cikin hammata.
2. Fatar nono ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo.
3. Kan nono ya shige ciki, alhali da ba haka yake ba.
4. Jini ko wani ruwa yana fita daga kan nono.
5. Gyambon da ya ƙi warkewa.

Yadda za mu duba kanmu

Sau ɗaya a wata, kwana kaɗan bayan wankan al'ada, mu tsaya gaban madubi mu dubi nonon biyu, hannu a ƙasa, sa'an nan hannu a sama. Daga nan mu kwanta rigingine. Mu sa yatsu uku na hannun dama mu lalubi nonon hagu ko'ina, har cikin hammata. Sai mu sauya hannu. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana ɗaya, misali ranar tsayuwar wata.

In mun ga alama, ina za mu?

Kada mu tsorata, domin ba kowane ƙullutu ne daji ba. Awo ne kaɗai ke rabewa. Kada mu yarda a tsaga wurin, ko a yi masa sakiya. Jinkiri wurin neman maganin gida shi ke sa mata da yawa su isa likita bayan ciwo ya yi nisa.

Mu fara zuwa gidan likita mafi kusa, mu nuna wa ungozoma. Daga ƙauyukan Tukunus ko Bonkuku, za a tura mu babbar likitar Filinge. In akwai bukata, za a ba mu takarda zuwa Yamai, tafiyar kilomita kusan 180. A can akwai gidan haihuwa na Issaka Gazobi, da Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji, inda aka buɗe sashen gashi da na'ura a shekarar 2021. Magani iri uku ne: aiki, da ƙarin ruwa mai magani, da gashi. Wadda ta zo da wuri tana iya warkewa ta koma cikin iyalinta.

A shekarar 2007 gwamnati ta kafa dokar kula da ciwon daji na mata kyauta. Mu tambayi likita abin da aka ɗauke mana, mu kuma tanadi kuɗin mota da na abinci.

Kira ga magidanta

Malam mai gida, in iyalinka ta ce ta ji wani abu, kada ka ce a bari sai bayan kaka. Sayar da akuya ɗaya yau ya fi rasa uwar ƴaƴa gobe. Ka raka ta, kada ka guje ta ko an cire nonon.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi uku na wannan ciwo.
2. Yaushe ya kamata mace ta duba kanta?
3. Ina za mu fara zuwa in mun ga alama?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan shafi. Allah ya ba mu lafiya, amin.