Amsoshin Tambayoyinku: Foldar kuɗi ta ƙi buɗe wa sabuwar ma'aikaciya

TAMBAYA: Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofis. Muna da akwatin ajiya na NAS ƙirar Synology, mun haɗa shi da sabar Windows. Mun ɗauki sabuwar akanta, na buɗe mata asusu a sabar, amma sunanta bai fito a akwatin ba, foldar kuɗi ma ta ƙi buɗe mata. Ko in buɗe mata wani asusun a kan akwatin kawai?

AMSA: Don Allah kada ka yi haka. Tun ranar da ka shigar da akwatin cikin domen, rajistar ma'aikata ta koma hannun Active Directory na sabar, shi akwatin aron sunayen yake yi. In ka buɗe mata na biyu, ta tashi da kalmar sirri biyu ke nan, kuma ranar da ta bar aiki sai ka rufe ɗaya ka manta da ɗayan a buɗe.

Sunan bai fito ba ne saboda akwatin lokaci-lokaci yake ɗebo jerin. Shiga Control Panel, sashen Domain/LDAP, ka danna wurin sabunta bayanan domen. In ya ƙi, duba agogo. Tsarin Kerberos da ke tantance masu shiga ba ya yarda bambancin agogon akwatin da na sabar ya wuce minti 5. Na taɓa ɓata yini guda ina sake waya, ina zargin faifai, ashe bayan an ɗauke wuta ne agogon na'urar ya koma baya. Ka sa akwatin ya riƙa karɓar lokaci daga sabar, adireshin DNS ɗinsa ma ya nuna ita.

Sai batun folda, kuma nan nake so ka natsu. Daina ba mutum izini da sunansa. Buɗe rukuni a sabar, ka kira shi Kuɗi, ka ba rukunin izinin karatu da rubutu a foldar sau ɗaya tak. Wanda ya zo ka saka shi, wanda aka sauya wa sashe ka cire shi, ba sai ka taɓa akwatin ba. Mutum 5 da folda 3 ana iya riƙe su a ka, amma da kun kai 30, ran da shugaba ya ce wa da wa ke ganin takardar albashi, sai ka bi folda-folda kana duban sunaye.

A kula: a Synology, hani ya fi izini ƙarfi. In tana cikin wani rukunin da aka sa wa No access a foldar, kamar Domain Users da kowane sabon asusu ke faɗawa ciki, ƙofar ba za ta buɗe ba. Kuma bayan ka saka ta a rukuni, ta fita daga kwamfutarta ta sake shiga, don tikitin Kerberos da ke hannunta da tsohon bayani yake tafe.

In akwai tsohon akanta da ya bar aiki kuwa, dakatar da asusunsa, kada ka goge tukuna. Kowane asusu yana da lambar SID, ita izini ke bi. Ka goge ka sake buɗewa da suna iri ɗaya, akwatin baƙo zai ɗauke shi.