Janar Hassan Ciroman Katsina da Hakkin da Ke Kan Masu Ilmin Sana'a

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Dutsin-ma daga cikin birnin Katsina zai wuce ta gaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, inda 'ya'yanmu suke koyon aikin injiniya, da gini, da lantarki. Akasarin ɗaliban nan ba a haife su ba sai bayan rasuwar mai sunan. Saboda haka wajibi ne a gaya musu ko wane ne shi.

An haifi Hassan a Katsina a 1933. Ɗan Sarki Usman Nagogo ne, jikan Sarki Dikko. Da ya ga dama da ya zauna gida ana faɗuwa ana gaishe shi, amma sai ya shiga soja a 1956, a zamanin da manyan gidaje da yawa ba su ɗauki kaki abin alfahari ba. Ya yi horo a Sandhurst ta Ingila, ya kuma je Kwango aikin kwantar da tarzoma.

Nauyi ya faɗo masa a watan Janairu 1966. An kashe Sardauna, an kashe Tafawa Ɓalewa, zukatan mutanen Arewa suna tafasa, sai aka naɗa shi Gwamnan Jihar Arewa, bai ko cika shekara 33 ba. Ku auna wannan da kyau: yaro matashi a kujerar da Sardauna ya bari, ga sarakuna sa'o'in mahaifinsa, ga tsofaffin ma'aikata da suka girme shi nesa ba kusa ba. Ya riƙe har Mayu 1967, lokacin da Janar Gowon ya raba Arewa jihohi 6. Daga nan ya shugabanci hukumar da ta kula da kadarorin da jihohin suka gada tare, kuma a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya zama Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa.

Ya tuɓe kaki a 1975, ya rayu shekara 20 bayan haka, har Allah Ya karɓi abinsa ran 24 ga Yuli 1995. A ganina waɗannan shekarun ne suka fi cancanta a yi nazarinsu. Ba shi da ofis, ba shi da rundunar da zai ba umarni, amma ƙofarsa a Kaduna ba ta rabu da masu neman gurbin karatu da masu neman sulhu ba. 

To, kai da ka fito daga makarantar da ke ɗauke da sunansa, me unguwarku ta samu daga iliminka? Kowace damina magudanan ruwa suna toshewa da leda, ruwa ya shiga gidajen ƙasa. Fanfon burtsatse ya lalace, mata da yara suna ta jiran gwamnati, alhali a layin akwai wanda ya karanci kanikanci. Tsofaffin sojoji kuwa, waɗanda suka san tsara mutane a kan aiki, suna zaune a dakali ba mai neman shawararsu.

Kafin ruwan bana ya sauka, ka je wurin mai unguwarku, ka gaya masa sana'ar da ka iya, ku sa ranar aikin gayya. Ku gayyaci tsohon sojan layinku ya raba muku aikin.