Idan Ka Karɓi Akun Da Ya Sha Wuya A Hannun Wani

Sau da yawa aku kan shigo gida ne babu shiri. Ko mai kiwonsa ya rasu magada sun rasa yadda za su yi da shi, ko maƙwabci ya gaji da ihunsa, ko kuwa ka tarar da shi a wani ɗan keji mai tsatsa, ƙirji a fige, tausayi ya kama ka ka ce a ba ka. Ka yi aikin lada. Sai dai ka shirya, domin makonnin farko gurnani zai riƙa yi maka, ya kai wa hannunka cizo, ya cika gidan da ƙara tun asuba. Nan ne mutane da yawa suke cewa tsuntsun mugu ne. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Kusan duk halin da ya zo da shi, wani abu ne aka yi masa ko aka hana shi, kuma aikinka ka gano ko mene ne.

Aku mai ruwan toka da jan wutsiya ɗan kurmi ne. Gidansa dazuzzukan Kamaru, Gabon, Kongo da kudancin Najeriya, inda yake kwana cikin babban garke, ya wuni yana tashi neman 'ya'yan itace, musamman kwakwar manja. A hannun mutane yana iya kaiwa shekara 40 zuwa 60. Wanda aka kamo daga daji kuwa, abin da ya fara sani game da ɗan Adam shi ne danƙo ko raga, sannan hannun da ya danne shi aka yanke masa gashin fiffike. Don haka idan ya ga yatsu sun nufo shi ya yi gurnani, da dalilinsa.

Kafin batun tarbiyya, kai shi wurin likitan dabbobi, kuma ka ware shi daga kaji, tantabaru da sauran tsuntsayen gida na tsawon wata guda aƙalla. Akwai zazzaɓin da aku ke ɗauke da shi wanda ke kama mutum ta hanyar shaƙar ƙurar busasshen kashinsa, saboda haka a yayyafa ruwa kafin a share ƙasan keji, a kuma wanke hannu bayan an gama.

Daga nan sai abinci, domin rabin matsalar a kwano take. Yawancin waɗannan tsuntsaye gyaɗa da dawa kaɗai suka sani. Wannan cima tana barin jiki babu isasshen bitamin A, kuma wannan jinsin aku ya yi ƙaurin suna wajen ƙarancin kalsiyam, har ka ga ya faɗo daga kan sanda yana jijjiga. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa tana lalata hanta da huhu. Riƙa haɗa masa da gwanda, mangwaro, karas, kabewa, ganyen zogale, ɗanyar masara da dafaffen wake, wani lokaci da ɗan dafaffen ƙwai. Da farko zai watsar. Ci gaba da sawa, kuma ka ci irin abin a gabansa, don aku yana kwaɗayin abin da ya ga ana ci. Kada a ba shi fiya, cakulan, shayi, kofi ko abinci mai gishiri. Ya sami hantsi na ɗan lokaci kullum, da inuwar da zai koma idan rana ta yi zafi.

Cizo shi ne abin da ya fi karya wa mai kiwo gwiwa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Duka, ɗalle baki, girgiza keji ko watsa masa ruwa don horo duk suna tabbatar masa cewa hannu abokin gaba ne. Galibi aku ba ya cizo sai ya yi gargaɗi: gashin wuya ya miƙe, ƙwayar ido tana tsukewa tana buɗewa da sauri, ya sunkuyar da kai yana kallonka, ko ya ja da baya baki a buɗe. Da ka ga haka, janye. A kwanakin farko ma kada ka sa hannu cikin kejin sai don abinci da ruwa. Zauna kusa da shi ta gefe, kada ka zuba masa ido, ka yi ta hidimarka kana magana a hankali. Ka lura da abin da ya fi so a kwanonsa, ka cire shi daga abincin yau da kullum, ya zama daga hannunka kaɗai yake samu, ta tsakanin wayoyin keji. In ya saba karɓa, sai ka koya masa hawa sanda, kana ba shi lada duk lokacin da ya ɗora ƙafa. Minti biyar sau biyu a rana ya isa. Wani wata guda yake buƙata, wani shekara, kuma wanda ya girma a daji zai iya ƙin taɓi har abada amma ya zauna lafiya da kai. Idan ya yarda da taɓi, tsaya a kai da wuya. Shafa baya da ƙarƙashin fiffike na sa baligin aku ya ɗauke ka abokin aure, ya koma cizon iyalinka saboda kishi. A ja wa yara kunne su daina tsokanarsa da tsinke.

Ihun asuba da na magariba ɗabi'arsa ce ta kiran garke, ba za ka raba shi da ita ba. Wanda ake gyarawa shi ne ihun neman a kula shi. In ya kurma ka taso a guje kana daka masa tsawa, ya sami abin da yake nema. Yi kamar ba ka ji ba, amma da ya yi fito ko wani sauti mai daɗi, amsa masa nan take ko da kana wani ɗaki. Duk mutanen gida su bi wannan tsari, in ba haka ba aikin banza ne. A kuma ba shi barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu, nesa da talabijin.

Figar gashi ta fi wuyar sha'ani. In kai yana nan lulluɓe amma ƙirji da cinya sun zama tsirara, alama ce shi yake fige kansa. Bayan likita ya duba ciwon fata da na ciki, sai ka dubi iskar ɗakin. Hunturunmu na arewa yana busar da fatar tsuntsun da aka halitta don damshin kurmi, don haka a riƙa fesa masa ruwa mai tsabta da hantsi ko a ajiye masa faffaɗan kwanon wanka. Hayaƙin maganin sauro, turaren wuta, sigari, janareta da feshin maganin ƙwari duk su yi nesa da shi, huhunsa ba ya jurewa. Sannan a ba bakinsa aiki. Rassan gwaiba da ba a yi wa feshi ba, totuwar masara, kwali, ko abinci a ƙunshe cikin takarda sai ya yaga kafin ya ci. Tsuntsu mai irin wannan ƙwaƙwalwa, in ya wuni babu abin yi, jikinsa yake komawa. Gaskiyar da za a faɗa ita ce, inda aka daɗe ana figa gashin ba lallai ya sake tsirowa ba, kuma ba kowane aku ne zai yi magana ba.

Kada tausayi ya sa ka sake shi a dajin arewa, ba zai rayu ba. Kada kuma ya sa ka biya ɗan kasuwa kuɗi da sunan ceto, domin kuɗin nan ne zai kamo wani. A Ghana bincike ya nuna yawan wannan aku ya ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin 100 tun daga 1992, kuma a 2016 taron yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg, ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Riƙe wanda Allah ya kawo hannunka da kyau, ka kuma zaɓi wani a cikin iyalinka tun yanzu ya saba da shi, saboda yana iya fin ka tsawon rai.