Awa nawa ne daga Sakkwato zuwa Jidda?

Wani maniyyaci daga Sakajiki ta Ƙauran Namoda ya aiko yana tambaya: takardarsa ta ce tashi ƙarfe 10 na dare, sauka ƙarfe 5 na asuba, amma ɗan'uwansa da ya sauke farali ya rantse awa biyar suka yi a sama. Wa ya yi kuskure?

Alhaji, babu wanda ya yi. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da aka ambata ne. Idan an sauka Jidda da biyar na asuba, a Ƙauran Namoda ƙarfe uku ne na dare. Cire biyun nan, sai ka ga awa biyar ɗin ɗan'uwanka. A dawowa lissafin juyawa yake: ka bar Jidda da takwas na safe, ka dira Sakkwato da sha ɗaya, takarda ta nuna awa uku alhali biyar ka zauna. Ka fahimtar da mutan gida tun kafin ka fita, don na ga tsohuwar da ta kwana kan dadduma, waya a cinya, ta ɗauka jirgin ɗanta ya ɓace.

Daga filin jirgin Sultan Abubakar III a Sakkwato zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kusan kilomita 3,700 ne a miƙe. Daga na Malam Aminu Kano kuwa kusan 3,400. Jirgi kan ci kilomita 850 a awa, sai ka ƙara ɗan lokacin hawa da sauka. Amma miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo sosai. Don haka ka tambayi jami'in alhazan ƙaramar hukumarku hanyar da za a bi a bana, kada ka dogara da labarin wanda ya tafi shekara goma baya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, mutane na ƙirga awannin sama su manta da na ƙasa. In daga Sakkwato za a ɗebe ku, akwai Ƙaura zuwa Gusau, sannan fiye da kilomita 200 ta Talatar Mafara, ga shingayen jami'an tsaro. Hanyar nan da rana ake bin ta. Ga zaman sansanin alhazai, wanda kan kai kwana biyu ko fiye.

Magungunanka, cajar waya, ɗan dabino da rigar sanyi su zauna cikin jakar hannu. Sanyin cikin jirgi ya sha ba mutanen ƙasarmu mamaki. Fasfo kuma a jakar wuya, kada ya shiga babbar jakar da ake aunawa.