Nisa da Lokaci a Bakin Bahaushe: Misali daga Tafiyar Kano zuwa Jidda

1.0 Gabatarwa

A al'adance, Bahaushe da lokaci yake auna nisa. Idan aka tambayi manomi a Ɗambatta ko Makoɗa nisan wani gari, sai ya ce tafiyar hantsi ce, ko ta yini guda. Fatake kuwa da zango suke ƙidaya. Wannan ma'auni ya wadatar a zamanin da kowa ke tafiya a ƙasa ko bisa jaki. Zuwan jirgin sama, wanda ya fara sauka a Kano a shekarar 1925, ya tilasta a rarrabe nisa da lokaci. Wajibi ne malamin Hausa ya iya bayyana wannan bambanci ga ɗalibansa.

2.0 Nisa da Tsawon Tafiya

Tsakanin Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 a miƙe. Alhazan dā, waɗanda suka bi ta Borno da Chadi da Sudan kafin su haye Bahar Maliya, sukan shafe watanni, wasu ma shekaru. Jirgin da ke gudun kilomita 800 a awa yakan ci wannan nisa cikin awa huɗu da kwata, wato an raba 3,400 gida 800. Idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan kusanci awa biyar. Iska kan ƙara ko ta rage wannan lokaci, haka ma hanyar da aka bi. Alal misali, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa jirage kewaye sararin samaniyar ƙasar, tafiya ta ƙara tsawo.

3.0 Bambancin Agogo

A nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe, ya yi awa biyar a sama, zai sauka Jidda da ƙarfe 5 na yamma agogon can, alhali a Kano ƙarfe 3 ne. A dawowa kuma, wanda ya bar Jidda da ƙarfe 10 na safe zai iso Kano da ƙarfe 1 na rana. Mai duban agogo kawai sai ya zaci zuwa awa bakwai ne, dawowa kuma awa uku. Irin wannan kuskure kan sa dangin da suka taso daga ƙauye taryar alhaji su makara, ko su yini a filin jirgi a banza.

4.0 Kammalawa

Ya kamata malami ya faro daga abin da yaro ya sani, kamar tafiya daga garinsu zuwa kasuwar Bichi, sannan ya kai shi ga kilomita da awa da bambancin agogo. Ta haka yaro zai riƙe tsoffin kalmomi, ya kuma naƙalci sababbi.

5.0 Jinga

1. Kawo kalmomi biyar da Hausawa ke auna nisa da su, ka saka kowace cikin jimla.
2. Jirgi ya bar Jidda da ƙarfe 2 na dare, ya yi awa biyar a sama. Da ƙarfe nawa zai sauka a Kano?